Abin Da Yaran Japan Ke Koya A Watan Farko Na Makaranta

Ga labarin wata al'umma mai nisa da yadda take buɗe wa 'ya'yanta ƙofar karatu. Duk wanda ya taɓa zaunar da yaro a gabansa ya san kwanakin farko su ne masu wuya, gama a cikinsu ne yaro yake ƙaunar karatu, ko kuwa ya ƙi shi har girmansa. Mutanen Japan sun daɗe suna nazari a kan wannan al'amari, har suka yi wa watan farko na aji ɗaya tsari na musamman. Ya cancanci mai hankali ya dube shi da kyau, ya ga fa'idarsa, ya kuma ga inda yake da nauyi.

Ƙasar da lokacin

Japan tsibirai ce a cikin teku, gabas da ƙasar Sin. Babban birninta Tokyo, mutanenta kuwa kimanin miliyan 124 ne a lissafin shekarar 2024. Shekara a can kashi huɗu ce. Bayan lokacin sanyi mai tsanani, wanda a arewacin ƙasar ƙanƙara takan rufe hanyoyi, sai wani lokaci ya shigo tun daga Maris har Mayu, sanyi ya ja da baya, itatuwa su yi toho su fid da fure. Shi suke kira haru. Masu fassara sukan ce da shi bazara, amma fa kada mai karatu ya zaci irin zafin bazarar ƙasar Hausa, domin tasu bazarar mai sanyi-sanyi ce, mutum yakan fita da safe da rigar ɗumi. A cikinta ne wani icce mai suna sakura yake rufe kansa da fure fari mai ratsin ja, ya yi kamar mako guda ko biyu, kana iska ta kakkaɓe shi.

A wannan lokaci ne makarantunsu suke buɗe sabuwar shekara. Shekarar karatu takan fara ranar 1 ga Afrilu, ta ƙare ranar 31 ga Maris. Dalilin haka kuwa na kuɗi ne tun asali. A cikin 1886 Gwamnatin Japan ta mai da farkon shekarar lissafin baitulmali zuwa Afrilu, makarantu kuwa da yake daga baitulmali suke ci, sai suka bi sahu, har dokar 1900 ta tabbatar wa makarantun firamare da haka. Yawancin ƙasashen Turai da Amurka suna farawa wajen Satumba. A cikin 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, an yi muhawara a kan a koma Satumba kamar sauran ƙasashe, amma shawarar ba ta zauna ba, aka bar Afrilu a matsayinsa.

Yaron da ya cika shekara 6 kafin ranar 2 ga Afrilu shi ne ya isa shiga. Tun daga dokar 1947 karatun shekara 9 wajibi ne a kan kowane ɗa, namiji ko mace, watau shekara 6 a firamare da 3 a makarantar da ke bisanta. Littattafan karatu kyauta ne. An fara raba su ga 'yan aji ɗaya a 1963, aka yi ta hawa aji aji har ya game dukan shekarun wajibi a 1969.

Ranar shiga

A makon farko ko na biyu na Afrilu akan yi bukin shiga. Iyaye su ci ado, yara su sa sababbin tufafi, a taru a babban zauren makaranta. A makarantu da yawa 'yan aji shida ne suke riƙo hannun sababbin su shigo da su. Malamar aji ta kira sunan kowane yaro ɗaya ɗaya, shi kuwa ya amsa da murya a gaban jama'a. Wannan amsawa ita ce darasinsa na farko, gama daga ranar ya zama mutum mai suna a cikin jama'ar makaranta, wanda za a kira shi da kansa ya amsa da bakinsa.

Kowane yaro yana goye da wata jaka mai ƙarfi, mai siffar akwati, sunanta randoseru. Kalmar daga harshen mutanen Holanda aka aro ta, asalinta kuwa jakar soja ce. Makarantar 'ya'yan sarauta ta Tokyo ce ta fara sa almajiranta su goya irinta a 1885, domin ɗan sarki ma ya ɗauki kayansa da kansa. A da ta 'yan mata ja ce, ta 'yan maza baƙa, yanzu kuwa launi ya yawaita. Ita ke nan jakar yaro har shekara shida. Fatake za su so su ji cewa cinikinta babba ne: matsakaicin kuɗinta a 2023 da 2024 ya kusa yen 60,000, sau da yawa kakanni ne suke biya, kuma iyaye sukan fara zaɓe tun saura shekara guda yaro ya shiga.

Darasin hanya

Abin da zai ba baƙo mamaki shi ne, a yawancin makarantun Gwamnati yaro ɗan shekara 6 da ƙafarsa yake zuwa makaranta, ba uwa ba uba a tare da shi. Saboda haka hanya ita ce babban karatun makon farko. Kowace makaranta tana da hanyoyin da ta zana, yaro ba ya sake wata. A wurare da yawa yaran unguwa sukan haɗu a wani wuri da safe, babba a gaba, ƙanana a tsakiya. A kwanakin farko ana tashi kafin azahar, a kasa yara ƙungiya ƙungiya bisa ga unguwanninsu, malamai su raka su har inda iyaye suke jira. Sannu sannu rakiyar take raguwa, har ta ƙare.

'Yan sanda sukan zo makaranta a cikin Afrilu ko Mayu, a zana hanya a filin wasa, a kafa fitilun hanya na gwaji. A koya wa yaro ya tsaya, ya dubi dama, ya dubi hagu, ya sake duban dama, ya ɗaga hannu sama domin mai mota ya hango shi, gama shi gajere ne. Akan sa wa jakarsa rufi ruwan ɗorawa, a wasu garuruwa har da hula mai wannan launi, don kowa ya gane sabon shiga ne. Akwai kuma gidaje da kantuna da suke liƙa wata alama a ƙofa, ma'anarta duk yaron da ya ji tsoro a hanya ya shigo nan, mai gida ko mai kanti zai tsare shi ya kira hukuma. Ta haka 'yan kasuwar unguwa suka zama masu hannu a cikin tarbiyyar yaran da ba su haifa ba.

Wannan duka ba don ƙawa ake yi ba. A shekarun 1960 motoci sun yawaita a Japan fiye da yadda hanyoyi za su ɗauka, har mutane suka kira zamanin yaƙin hanya. A 1970 kaɗai mutum 16,765 suka mutu a haɗarin hanya. Tun a 1965 wani banki mai suna Fuji ya fara raba wa sababbin 'yan aji ɗaya wata 'yar alama ruwan ɗorawa da ake maƙalawa a kafaɗa, bayan da jarida ta buga wasiƙar wata uwa da mota ta kashe mata ɗa, wadda ta rubuta wa Firayim Minista. Daga baya aka haɗa alamar da inshora. Mutuwar hanya ta ragu ƙwarai, ta sauko ƙasa da 3,000 tun a 2020. Duk da haka lissafin hukuma ya nuna cewa a cikin masu tafiya a ƙasa da mota take bugewa, 'yan shekara 7 sun fi kowace tsara yawa. Dalili kuwa a fili yake: su ne waɗanda aka saki hannunsu kwanan nan.

Darasin harufa

To, sai karatu kansa, wanda malamai za su fi son jin bayaninsa. Darasi ɗaya minti 45 ne. A shekara ɗan aji ɗaya yana da darasi 850, a cikinsu 306 na harshen Japan ne, 136 na lissafi. Watau fiye da sulusin lokacinsa a kan harshensa yake tafiya.

Rubutun Japan iri uku ne a gwame. Na farko shi ne hiragana, harufa 46, da su ake fara wa yaro. Na biyu katakana, su ma 46 ne, da su ake rubuta kalmomin aro. Na uku kanji, waɗanda aka aro daga Sin, kowane ɗaya yana ɗauke da ma'ana, kamar dutse ko kogi ko rana ko gona. Ɗan aji ɗaya zai koyi kanji 80 kafin shekara ta ƙare, kafin ya gama firamare kuwa ya san 1,026. Amma a watan Afrilu ba a taɓa masa ko ɗaya daga cikinsu. Sai bayan hutun zafi ake buɗe masa wannan babi.

Mai karatun ajami zai ga abubuwan da ya sani a nan. Littafin harshen Japan daga dama ake buɗe shi, kamar littafin Larabci, sai dai layukansa daga sama suke saukowa ƙasa, kuma layin farko shi ne na dama. Wasulan harshen biyar ne, a, i, u, e, o, daidai da na Hausa. Bambancin shi ne harafin hiragana baƙi ne da wasalinsa a haɗe. Ka harafi ne, ki wani harafi ne dabam, haka ku da ke da ko, ba wanda ya yi kama da ɗan'uwansa. Da za a rubuta Kano, harufa biyu sun isa, ka da no. Saboda haka abin da almajirin allo yake yi hawa biyu, babbaƙu sa'an nan farfaru, yaron Japan a hawa ɗaya yake yinsa. Suna da 'yan ɗigo biyu da ake sawa a kafaɗar harafi su juya ka ta koma ga, ta kuwa ta koma da. Suna da wani ƙaramin harafi mai aikin shadda, suna kuma bambanta wasali mai ja da marar ja, yadda Bahaushe yake bambanta gari da gāri. Waɗannan sai Mayu da Yuni ake shiga cikinsu.

A Afrilu kuwa, kafin harafi akwai zama. A koya wa yaro ya miƙe bayansa, tafin ƙafarsa a ƙasa, tsakanin cikinsa da tebur kamar faɗin dunƙulen hannu. A koya masa riƙon fensir da yatsu uku, fensirin kuwa mai taushi ne domin hannun yaro ba shi da ƙarfi. Sa'an nan ya yi ta jan layi, miƙaƙƙe da karkatacce da mai zagaye, har hannu ya saki. Harafin farko da yawancin yara suke rubutawa shi ne na sunansu.

Malamai da yawa ba sa bin jerin harufa yadda yake a tsare. Sukan fara da mafi sauƙin siffa, waɗanda ake ja da zane guda: tsu mai kama da baka, ku mai kama da kusurwa, shi mai kama da ƙugiya, he mai kama da tudu. Galibi harafi ɗaya ne a rana. Takardar koyo gida gida ce, kowane gida an raba shi ɗaki huɗu da ɗigo, domin yaro ya san ɗakin da zane zai tashi da ɗakin da zai sauka. Kowane harafi yana da jerin zanensa, wannan kafin wancan, ba a yarda a sauya ba. Ƙarshen zane ma iri uku ne: a tsaya cak, ko a ɗaga da ɗan ƙugiya, ko a saki hannu ya share. Malama takan sa yara su ɗaga hannu su rubuta harafin a iska gaba ɗaya suna ƙirga zanensa da baki, kana su bi sawunsa a takarda, kana su rubuta da kansu. Sa'an nan a nemi kalmomin da harafin yake cikinsu, kowa ya kawo tasa.

Akwai harufa masu rikitarwa, kamar yadda ba da ta suke rikita sabon almajiri. Nu da me ba su rabu ba sai da ɗan ƙulli a wutsiya. Ne da re da wa kansu ɗaya, ƙafarsu ce ta bambanta. Malama tana duba kowace takarda da jan alƙalami. Wanda ya yi daidai ta zana masa da'ira, wanda ya kyautata ƙwarai ta zana masa da'ira mai siffar fure, yaro kuwa ya kai gida yana murna.

Abin lura a nan shi ne, yara da yawa sun riga sun iya karanta hiragana tun daga makarantar reno. Duk da haka malama ba ta tsallake kome, daga zanen farko take farawa da kowa. Hikimar ita ce wanda ya koyi harafi a karkace a gida a daidaita masa tun hannunsa bai ƙage ba, wanda kuwa bai taɓa riƙe fensir ba kada ya ga an bar shi a baya tun makon farko.

Darasin ƙirga

Lissafin Afrilu bai wuce goma ba. A nuna wa yara hoto, su ware abubuwa jinsi jinsi, su ɗora ɗan dutsen ƙirga a kan kowane ɗaya, su gwada wane jinsi ya fi yawa tun ba su ƙirga ba. Sa'an nan 1 zuwa 5, kana 6 zuwa 10, kana sifiri. A cikin Mayu a shiga rarraba adadi: 7 ita ce 3 da 4, ita ce kuma 5 da 2, 10 ita ce 6 da 4, ita ce kuma 8 da 2. Tarawa da ɗebewa sai wajen Yuni. Duk ɗan kasuwar da yake ba da canji ba da takarda ba ya san amfanin wannan, gama wanda ya haddace abin da ya rage a cika goma ba ya tsayawa ƙirga yatsu. Kowane yaro yana da akwatin kayan ƙirga, iyaye kuwa sai sun rubuta sunansa a kan kowane ɗan ƙanƙanin abu da ke ciki, aikin da yakan cinye musu dare.

Ludayi da tsintsiya

Wajen tsakiyar Afrilu 'yan aji ɗaya suke fara cin abincin rana a makaranta. Asalin wannan al'ada a garin Tsuruoka ne, a 1889, inda wata makaranta ta riƙa ciyar da 'ya'yan matalauta curin shinkafa da gasasshen kifi. A 1954 aka yi mata doka ta ƙasa. A aji ake ci, tare da malama, kowa abinci iri ɗaya: shinkafa ko burodi, da miya, da kifi ko nama, da madara. Yara ne suke rabawa. Waɗanda aikin ya faɗo kansu su sa farar riga da hula, su rufe baki, su ɗauko tukwane, su riƙe ludayi. Ɗan shekara 6 da aka ba shi tukunya ɗaya da kwanoni 30 yana koyon adalci da hannunsa, domin in ya cika wa na farko, na ƙarshe zai tashi da kwano wayam.

Bayan abinci sai shara, kamar minti 15. Yara ne suke share aji da baranda, su goge daɓe da tsumma. A makonnin farko 'yan aji shida sukan sauko su nuna wa ƙanana riƙon tsintsiya da matse tsumma. Tun a ƙofa yaro yake tuɓe takalmin waje ya jera shi a gurbinsa, ya sa na ciki. Kowace safiya malama ta kira suna, yaro ya faɗi lafiyarsa da bakinsa, ko lafiya lau yake, ko kuwa mura ke damunsa. Akwai kuma ɗan littafin saƙo da yake kai da kawowa tsakanin malama da iyaye kullum.

Irin shuka

'Yan aji ɗaya da na biyu ba su da darasin kimiyya ko na tarihi a ware. Tun 1992 aka haɗa su a darasi guda mai suna darasin rayuwa. A Afrilu aikinsa shi ne zagaya makaranta: 'yan aji biyu su ja sababbin su nuna musu ɗakin littattafai, da ɗakin jinya, da ofishin hedimasta, su koyi sallama da neman izini kafin shiga. A farkon Mayu kuwa kowane yaro ya sami tukunyar shuka mai sunansa, ya shuka irin wani fure mai yaɗo da ake kira asagao, dangin dankali da duman rafi, wanda yake buɗewa da asuba ya rufe kafin rana ta take. Sau da yawa irin kyauta ce daga 'yan aji biyu, daga abin da suka girba bara. Kullum da safe yaro ya ba shi ruwa, ya zana abin da ya gani a takarda, kuma da harufan da ya koya jiya yake rubuta cewa ganye biyu sun fito. In ya yi sakaci, tukunyarsa za ta tona masa asiri a cikin jerin tukwane.

Darasin girgizar ƙasa

Japan ƙasa ce mai yawan girgiza, don haka tun a watan farko akan yi gwajin gudu. Da an ji ƙararrawa yaro ya shige ƙarƙashin tebur ya riƙe ƙafafunsa. In an ce a fita, ka'idodi huɗu ne: ba turi, ba gudu, ba surutu, ba komawa ɗaukar kaya. Ranar 11 ga Maris 2011 ta nuna nauyin wannan darasi. Girgiza mai girma ta taso da teku ya haura ƙasa a arewa maso gabas. A garin Kamaishi, inda aka daɗe ana horar da yara su nufi tudu ba tare da jiran kowa ba, kusan dukan 'yan makaranta wajen 3,000 sun tsira, manya suna jan hannun ƙanana. A makarantar Okawa ta garin Ishinomaki kuwa an tsai da yara a fili ana shawara har ruwa ya iso, aka rasa yara 74 da malamai 10. Kotu ta hukunta daga baya cewa laifin yana ga rashin shiri tun kafin ranar.

Asalin wannan hali

Kafin dokar makarantu ta 1872, 'ya'yan talakawan Japan a wasu ƙananan makarantu suke karatu, masu suna terakoya, dubbai a birane da ƙauyuka. Malami ɗaya ne a gidansa, yara suna zaune a ƙasa, kowa da nasa darasi gwargwadon inda ya kai, abin da ba baƙo ba ne ga wanda ya san makarantar allo. Yaro yakan yi ta maimaita harafi da tawada a kan takarda guda har ta koma baƙa wuluk. 'Ya'yan 'yan kasuwa suna da littafinsu, Shobai Orai, wanda ya fito a 1694, mai jera sunayen haja da ma'aunai da kuɗaɗe, kuma sukan koyi ƙirga da soroban, wani katako mai 'ya'ya a jere. Girmama kyan hannu da haƙurin maimaici daga can suka gado shi.

Inda nauyin yake

Adalci ne a faɗi ɗayan gefen. Tun ƙarshen shekarun 1990 malamai suka fara kukan cewa sababbin yara ba sa iya zama minti 45, suna tashi suna yawo a aji. Hukuma ba ta amsa da tsanani ba. Manhajar 2017, wadda aka fara aiki da ita a 2020, ta umarci makarantu su sassauta makonnin farko, a gutsuttsura darasi kamar minti 15 15, a buɗe rana da waƙa da tatsuniya da wasa irin na makarantar reno. Tun 2011 kuma aka ƙayyade ajin farko kada ya wuce yara 35.

Duk da haka akwai yaran da tsarin yake yi wa nauyi. Inda kowa yake tafiya sahu ɗaya, wanda ƙafarsa ta bambanta yakan ji kunya ƙwarai. Daga 29 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu akwai jerin ranakun hutu, malamai kuwa sun san bayan wannan hutu ne wasu yara suke fara kuka a ƙofar gida su ƙi fita. A shekarar karatu ta 2023, yaran firamare da na makarantar da ke bisanta waɗanda suka ƙaurace wa aji kwana 30 ko fiye, ba don ciwo ko rashin kuɗi ba, sun haura 340,000.

Akwai kuma wata damuwa da ta fi wannan. A 1949 an haifi jarirai wajen miliyan 2 da dubu 700 a Japan. A 2024 ba su kai 700,000 ba. Tsakanin 2002 da 2020 an rufe makarantun Gwamnati fiye da 8,000. A wasu ƙauyuka akan yi bukin shiga domin yaro ɗaya tak, hedimasta da dattawan gari su taru, a kira suna ɗaya, murya ɗaya ta amsa.

Kammalawa

In aka tara abin da ɗan aji ɗaya ya samu na littafi a ƙarshen Afrilu, kaɗan ne: 'yan harufa, da ƙirga zuwa goma. Amma ya san hanyar gidansu, ya san amsa sunansa, ya raba wa 'yan'uwansa abinci, ya share inda ya zauna, ya san abin da zai yi in ƙasa ta motsa. A kan wannan tushe ne ake ɗora masa harufa dubu da 'yan kai a cikin shekara shida, ya kuwa ɗauka. Malamin da aka kawo wa sabon yaro, da uban da yake ƙosawa ya ga ɗansa ya yi nisa tun watan farko, dukansu suna da abin tunani a nan, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa da gaggawa shi yake karya shi.